Kuturta muka kai asibiti, takardar gwaji ta fito da ciwon hanta

Kawuna ƙanin mahaifiyata ne, manomi, shekarunsa sun ɗan haura 50, kuma tunda ni ne nake zaune a birni duk wata hidimar asibiti ta danginmu a kaina take saukowa. Zan faɗi yadda muka bi da shi tun daga ranar da aka ce kuturta ce har inda muke yanzu, don akwai abun da na gani a hanyar nan wanda ban taɓa jin ana maganarsa ba, wato ciwon hanta a jikin mai kuturta. Ba zan kama sunan kowa ba, asibitin ma haka.

Abun ya daɗe a jikinsa kafin a farga. Tabo ne fari-fari a gadon baya da cinya, ba ƙaiƙayi ba zafi, kowa ya gani sai ya ce ƙyasbi ne, aka yi ta shafe-shafe, na kemis da na gida. Abin da ya tada hankalin matarsa shi ne ranar da ya riƙe butar shayi ta ƙarfe har tafin hannunsa ya tashi bai ji komai ba, ita ce ta ga ƙunar ta nuna masa. Ga girarsa ta soma zubewa daga gefe, kunnuwa sun yi kauri. Wani malamin asibiti ɗan garinsu ne ya ja ni gefe ya ce kar ku ƙara ɓata lokaci, ku je babban asibiti ku tambayi ɓangaren tarin fuka, nan ake duba kuturta. Kuma haka ne, a Najeriya shiri ɗaya ne yake kula da tarin fuka da kuturta, shi ya sa sau da yawa ɗaki ɗaya ne ma'aikaci ɗaya. Akwai kuma tsofaffin wurare da aka sani da wannan aikin, irin su Yadakunya a Kano, Saye a Zariya, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, a Nijar kuma Danja kusa da Maraɗi.

Gwajin farko ba na'ura ba komai. Malamin kuturtar ya fitar da shi waje inda rana take ya ce Baba cire riga, ya ɗauko auduga ya murza bakinta ta yi tsini, ya ce rufe ido, duk inda ka ji an taɓa ka nuna min da yatsa. A lafiyayyar fata Kawu yana nunawa daidai, da an zo kan tabon sai ya yi shiru yana jira a taɓa, alhali an taɓa an sake taɓawa. Wallahi nan ne jikina ya yi sanyi. Daga nan ya lalubi jijiyar gwiwar hannu da ta bayan gwiwar ƙafa, ya ce sun yi kauri, ya bi tafin hannu da tafin ƙafa da bakin biro yana dannawa, ya sa shi runtse ido da ƙarfi, sannan aka ɗan tsaga fatar kunne aka kankari ruwan wajen aka kai ɗakin gwaji. Ƙa'idarsu ita ce idan tabo bai wuce 5 ba wata 6 ake shan magani, idan ya wuce ko jijiya ta taɓu ko an ga ƙwayar a gwajin kunne to wata 12 ne. Kawu na wata 12 ya faɗa.

Maganin MDT suke ce masa, falle ɗaya na wata guda, kala uku a ciki: rifamfisin, dafson da kilofazimin. Layin sama a gabansu za ka haɗiye shi ranar karɓa, sauran ka tafi da shi gida kullum kana ɓalla. Kyauta ne, ko sisi ba mu biya ba, kuma tun 1995 haka yake a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Malamin ya ce mun taki sa'a, don a 2024 maganin ya yanke a ƙasar nan kusan shekara guda sai a watan Maris na 2025 ya iso, mutane suna zuwa ana cewa su koma. Ya gaya mana fitsari zai yi ja ranar da aka sha na sama kar a tsorata, fata za ta yi duhu saboda kilofazimin amma za ta washe bayan an gama, sannan ya tambaya, Baba ka taɓa yin shawara? Kawu ya ce wa bai yi shawara ba, ya yi tun yana saurayi an ba shi jiƙo ta wuce. Aka yi dariya, aka rubuta kati, muka tafi. Iyakar tambayar hanta da aka yi mana kenan a ranar, ba a ɗebi jini ba.

A gida kuwa sai aka shiga wani hali. Aka ware masa kwano da moɗa, yaran da suke kwana a zaurensa aka janye su, shi da kansa ya daina zuwa sahun gaba a masallaci. Na yi bayani har na gaji cewa mai kuturta da ya fara shan magani ya daina yaɗawa, kuma dama can sai an daɗe ana zama tare ta numfashi take kamawa, mafi yawan mutane ma wajen kashi 95 cikin 100 jikinsu ba ya karɓarta. Ba wanda ya saurare ni. Amma rezar da yake yanke farce da ita tana nan a kan taga, kowane yaro ya ɗauka ya yanke nasa ya mayar, wannan ba wanda ya ga laifinta.

Bayan 'yan watanni sai matarsa ta kira ni da asuba, wai jiki ya rikice. Na je na tarar tabon nan duk sun kumbura sun yi jajir, gwiwar hannunsa ko riga ta goga sai ya yi ƙara, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa ba ya iya matse takarda a tsakaninsu. Mutanen gida suka ce ai maganin Bature ne bai karɓe shi ba a daina. Malamin kuturta da na kira ya ce kar a daina, wannan riyakshan ne, garkuwar jiki ce ta taso wa ƙwayoyin cutar da ke cikin fata da jijiya, faɗan ne yake kumbura jijiyar, kuma idan aka yi jinkiri yatsun haka za su zauna har abada. Ya rubuta mana takarda zuwa wajen likita a babban asibitin da ke gaba.

Nan ne labarin ya canza. Likitan, wata mata ce mai natsuwa, ta ce maganin wannan firednisolon ne, za a fara da miligiram 40 a yi ta ragewa a hankali har wajen sati 20, amma ita ba ta ɗora mutum a kan wannan maganin na tsawon lokaci haka sai ta ga jininsa. Ta lissafo: suga, HIV, gwajin tari, sai ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin aikin hanta. Na ce ranki ya daɗe me ya haɗa hannu da hanta? Ta ce firednisolon garkuwar jiki yake kwantarwa, to kamar ka ɗaure karen gida ne don kar ya ciji yara, idan akwai ɓarawon da ya daɗe a laɓe a bayan rumbu ranar zai fito. Ƙwayar ciwon hanta B tana iya shekara da shekaru a jiki shiru, da an danne garkuwa sai ta hayayyafa, ranar da aka janye maganin garkuwar ta dawo da ƙarfinta sai ta far wa hantar gaba ɗaya, wasu har su rasa ransu. Ga shi kuma dama rifamfisin da dafson duk ta hanta suke bi.

Gwajin na farko ba wuya, ɗan tsinke ne kaman na maleriya, a soki yatsa a ɗiga jini a jira mintoci. Na C layi ɗaya. Na B, wanda suke rubutawa HBsAg, layi biyu ɓaro-ɓaro.

Kawu bai gane ba, ya ce min kai ɗan nan me ta ce? Na ce Kawu wai akwai ciwon hanta a jininka. Ya yi shiru can ya ce to wanne za a fara, na fatar ko na cikin? Likitar ta ji, ta ce Baba duka tare, jijiya ba ta jira. A ranar ta fara masa firednisolon, ta ba shi maganin tsutsar ciki, ta kuma rubuta mu je ɓangaren masu ciwon hanta a satin, ta ja layi biyu a ƙarƙashin rubutun ta ce min kar ka bari a ba ku wata uku, ka nuna musu yana kan wannan maganin.

A layin ɓangaren hantar ne na zauna ina ta bincike a waya, abun ya ba ni mamaki ashe tsohuwar magana ce. Mutumin da ya gano alamar wannan ƙwayar a jini, Baruch Blumberg ɗan Amurka, tun a 1967 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoto daga tsibirin Sebu na ƙasar Filifin cewa an fi samunta a jinin masu kuturta mai yawan ƙwaya fiye da sauran jama'a, a lokacin ma ba a gama tabbatar da cewa ta ciwon hanta ba ce. A 1976 ya samu kyautar Nobel, kuma ranar haihuwarsa 28 ga Yuli ita ce yanzu ranar ciwon hanta ta duniya. Dalilan da ake kawowa biyu ne, na farko irin wannan kuturtar tana zuwa wa mutumin da garkuwarsa ba ta iya kakkaɓe wasu ƙwayoyin, na biyu kuma zaman da ake tara su wuri guda shekara da shekaru, allura ɗaya, almakashi ɗaya, ga gyambo a buɗe. Mu kuma nan ko ba kuturta ciwon ya yi mana yawa, binciken da aka bi gida-gida a Najeriya a 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da B, kashi 1.1 kuma C. Wato a duk mutum 12 ko 13 da suke layin karɓar MDT sai ka sa ran ɗaya, ko da kuturtar ba ta ƙara komai ba. To ni dai ban ga dalilin da za a ce gwajin tsinke ɗaya ba ya cikin abin da ake yi ranar buɗe kati ba.

Ɓangaren hanta duniya ce daban, kuma nan ne aljihu ya fara kuka. Kuturta kyauta, hanta kuwa komai da kuɗinka. Aka ce a yi HBeAg, wani gwajin jini da ke nuna ko ƙwayar tana hayayyafa sosai, a ƙirga ƙwayoyin jini, a duba ƙoda, a yi sikanin na ciki da safe ba a ci komai ba, sai babban, wanda suke cewa bairal lod, ƙirga yawan ƙwayar a jini, shi kaɗai sai da aka sayar da tunkiya kuma ba a nan ake yi ba aikawa ake yi a jira. Likitan wajen bai jira sakamakon ba, ya ce tunda yana kan firednisolon a fara tenofobir yau, ƙwaya ɗaya miligiram 300 kullum. Da sakamakon ya dawo ƙwayar ta haura 2,000, ma'aunin da suke dubawa, nesa ba kusa ba, ALT ɗinsa, wato gwajin jinin da ke nuna ko hanta tana shan wahala, shi ma ya ɗaga, sikanin dai Alhamdulillahi hantar ba ta ƙanƙance ba. Ya ce ko ba don firednisolon ba ma ya cancanci magani a sabuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024. Ya gaya wa Kawu gaskiya ba ɓoye-ɓoye, ya ce Baba kuturta za ta warke ka gama da ita, wannan kuwa danne shi ake yi ba a cika rabuwa da shi ba, da C ne da sati 12 sun ishe mu, B sai haƙuri, kuma ranar da ka ga dama ka ajiye maganin da kanka ranar ka jawo wa hantarka masifa.

Abin da ya fi ba ni wahala a duk tafiyar nan ba kuɗin ba ne, rashin magana ne tsakanin ɗakunan biyu. Masu kuturta da katinsu, masu hanta da fayil ɗinsu, ba wanda yake ganin rubutun wani. A can a tambaye ni wane magani yake sha na fata, a nan a tambaye ni me masu hanta suka ce, ni da ban karanta likitanci ba na zama masinja. Daga baya dabara na yi, na sayi littafi mai 40 na manna kwafin kowane sakamako da kwanan wata, na ɗauki hoton kowane fallen magani a waya, duk ɗakin da muka shiga kafin a tambaya na ajiye a kan tebur. Wani likitan ma sai da ya ce da kowa zai yi haka da mun huta. Na ce a raina da ku za ku yi ai da mu muka huta.

Sai kuma aka zo gwajin 'yan gida, wanda shi ma sai da aka sha fama don mutane sun ce lafiyarsu ƙalau me za a ɗebi jininsu. Matarsa babu. Yaran ƙanana babu, kuma ba mamaki don tun 2004 rigakafin yake cikin alluran jarirai a Najeriya. Babban ɗansa akwai. Mahaifiyata, yayarsa, akwai. Nan likitan ya ce kun gani, da alama tun suna yara suka ɗauka, ko daga uwa wajen haihuwa ko askar wanzami, kaciya, tsagar gado, cire beli, ƙaho, duk da aska ɗaya ake bin yaran unguwa a da. Wanda ya kamu yana jariri wajen 9 cikin 10 ciwon zama yake yi, wanda ya kamu da girmansa kuwa galibi jiki yana kore shi. Kenan ciwon hantar ya riga kuturtar shiga gidan da shekaru masu yawa, muna ci kwano ɗaya ba wanda ya sani, kuma dama ba ta kwano yake bi ba, ta jini ne da saduwa da haihuwa. Ni nawa ya fito babu, aka fara min allurar rigakafi, guda uku ce, yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, matarsa ma haka. Hajiyarmu da na gaya mata nata sakamakon cewa ta yi to yanzu ni ma sai a ware min moɗa? Daga ranar ban ƙara ganin moɗar Kawu a gefe ba, ita da kanta ta mayar da ita kan randa.

Akwai wani abu da na gani da idona da har yanzu yake damuna. Ranar karɓar magani akwai tsofaffin da suka warke tuntuni amma ƙafa ta riga ta mutu, suna zama a inuwa kowa da robar ruwa, a jiƙa ƙafa, a goge kanta da dutse, a shafa basilin, abu mai kyau wallahi don shi ke hana gyambo. To ina zaune wani dattijo ya zaro reza daga cikin hularsa ya fere gefen wani tsohon rauni a diddigensa har ya ɗan yi jini, shi bai ma ji ba, ya goge ta a gefen zaninsa ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya hau fere tasa. Zumunci ne a wajensu. Ƙwayar B kuwa tana iya kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe tana nan da ranta. Na je na gaya wa nas ɗin, ta ce tana hanawa, an ma hana su fere ƙafa da reza gaba ɗaya, da ta juya baya ake ci gaba. Watan da ya biyo na zo da kwalin reza na raba musu na ce Baba in dai sai an yi to kowa da tasa, suka yi ta sa min albarka, ɗaya ya karɓa ya soke a hula kusa da tsohuwar.

Ana cikin rage firednisolon ne muka shiga tashin hankali na biyu. Idon Kawu ya yi ɗorawa, fitsari kaman shayi ba ranar shan na sama ba, abinci ya fita ransa. Malamin kuturta ya ce a tsaya da MDT nan take a tafi asibiti. ALT ya yi sama sosai. Aka zauna lissafin wa ya jawo, dafson ne, rifamfisin ne, ƙwayar ce ta motsa? Likitar ta ce rikicin dafson yawanci a satuttukan farko yake zuwa da zazzaɓi da ƙuraje, shi kuma ya wuce nan, tenofobir kuma na ƙirga da hannuna bai tsallake ba. Sai ta juya ta ce Baba tsakaninka da Allah me kake sha bayan namu? Ya sunkuyar da kai. Ashe tun da aka ji kalmar hanta wani ɗan uwa ya kawo masa galan na jiƙo, sassaƙen maɗaci da rawaya da wasu abubuwan da shi mai kawowar ma bai san sunansu ba, safe da yamma kofi guda, ga farasitamol da yake ta afawa saboda ciwon hannun. Ba ta ce lallai jiƙon ne kaɗai ba, ta ce hantar da take ɗauke da ƙwaya da magani kala biyar ba ta da wurin baƙo. Ta hana jiƙo, ta hana shan magani barkatai daga kemis, ta kuma ce a kula da gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, don gubar da ke ciki idan ta haɗu da B ita ke gaggauta kansar hanta. Wannan ta ƙarshen ta fi shigar Kawu, manomin gyaɗa ne, yana komawa ya sa aka zazzage buhunan aka tsince.

Na damu da tsayar da MDT ɗin, na ɗauka sai an koma farko. Malamin ya ce a'a, falle 12 ɗin ana da damar gama su cikin wata 18, kuma da a ce hantar ta ƙi karɓa akwai wasu magungunan da ake musanyawa irin su ofloksasin da minosaikilin. Bayan 'yan satuttuka idon ya washe, gwaji ya sauko, aka mayar da shi kan maganin ana ɗibar jini akai-akai, daga baya aka koma duk wata.

Yanzu an gama firednisolon, yatsa na kusa da ƙaramin ya dawo, ƙaramin dai ya ɗan kwanta amma yana riƙe fartanya, ana sa shi motsa su da mai kullum. Fatarsa ta yi baƙi sosai har mutanen gari suna cewa rana ce. MDT saura kaɗan. Tenofobir kuwa ni nake saya duk wata in aika a motar kasuwa, na Hajiya ba a fara ba an ce a dinga dubawa tukuna, babban ɗan nasa kuma muna tara kuɗin bairal lod ɗinsa don yana maganar aure bayan girbi kuma a Kano yanzu doka ce sai an yi gwajin hanta kafin a ɗaura, yarinyar ma za a fara mata rigakafi. Sikanin na gaba na Kawu an ce duk wata 6 ne, ya faɗo daidai lokacin cirar gyaɗa, ya riga ya fara cewa a ɗaga, na ce Kawu ba za a ɗaga ba, zan zo da kaina in ɗauke ka.